Jos: Yadda Ciniki Ya Tashi Daga Taminus Ya Shiga Waya

Matafiyin da ya taso daga Abuja ya nufi Jos ta hanyar Keffi da Akwanga ba ya bukatar a gaya masa cewa ya kusa isowa. Da mota ta kama Hawan Kibo, tana nishi tana karkacewa tsakanin duwatsu, zai ji kunnuwansa sun toshe, iska ta sake, har ya shiga laluben rigar sanyi a cikin jaka. Garin yana zaune ne a kan tudu, wajen mita 1,200 sama da bakin teku, shi ya sa sanyinsa ya zama abin labari a ƙasar nan, musamman a watannin Disamba da Janairu. A wannan hawa kuwa zai yi ta gamuwa da manyan motoci suna gangarowa a hankali, maƙare da buhunan dankalin Turawa da kabeji da karas, sun nufi Abuja da garuruwan Kudu. Wannan tsohon labari ne. Abin da bai daɗe ba shi ne na ƙananan motocin haya, waɗanda in mutum ya leƙa bayansu zai ga 'yan kwalaye da ƙullin leda an naɗe da salatif, kowanne an rubuta masa suna da lambar waya. Mai kayan ba ya cikin motar, mai saye kuma bai taɓa ganin fuskarsa ba. An yi ciniki ta waya, an biya ta waya, direba ne kaɗai zai ga mutanen biyu.

Ba a Jos kaɗai ake wannan sana'a ba, gama babu babban garin da ba ta shiga ba. Amma Jos tana da dalilanta na musamman, kuma wanda ya bi diddiginsu zai gane abin da ke sa mutum ya soma irin wannan ciniki, da abin da ke riƙe shi a ciki bayan ɗokin farko ya wuce.

Da ma a kan sayar wa na nesa aka gina garin. Tun kafin zuwan Turawa, maƙeran Ririwai da na Liruwen Dalma suna narka kuza su zuba ta sirara-sirara kamar tsinke, fatake su ɗauka su kai kasuwanni. A farkon ƙarni na 20 Turawan Kamfanin Neja suka bi sawun kuzar nan har suka iso Naraguta, a yankin da Birom da Anaguta da Afizere suke zaune. Aka jawo 'yar siririyar hanyar jirgi daga Zariya, ta iso Jos a 1914, kana babbar ta iso ta Kafanchan a 1927. Hausawa da Barebari da Ibo da Yarabawa da sauran ƙabilu suka yi ta kwararowa, wasu haƙa, wasu fawa, wasu tireda. Kuzar da lebura ya wanke a rafin Dilimi can Ingila za ta ƙare, a hannun wanda ba zai taɓa sanin sunansa ba. Inda jirgi ke tsayawa ya juya shi ne ya ba tsakiyar gari sunan da ake kiranta da shi har yau, watau Taminus.

A 1985 abubuwa biyu suka auku. Kasuwar kuza ta duniya ta rushe a Landan, ta ƙarasa sana'ar da da ma ta daɗe tana jan ƙafa. A wannan shekara kuma aka buɗe Babbar Kasuwar Jos a Taminus, aikin da aka ɗauko tun zamanin Gwamna Joseph Gomwalk. Gini ne mai rumfuna dubbai a ƙarƙashin rufi, ana lasafta shi cikin manyan kasuwanni masu rufi na Afirka ta Yamma, har baƙi sukan je kallonsa kamar yadda suke zuwa gidan tarihi ko gidan namun daji. Mai atamfa Bahaushe, mai kayan gini Ibo, mai kayan miya 'yar Birom, duk bango ɗaya ya haɗa su. Kuza ta tafi, ciniki ya riƙe gari.

To, sai a dubi abin da ya faru cikin watanni bakwai kacal. A watan Agusta na 2001 wayar salula ta shigo Nijeriya. Ran 7 ga Satumba na shekarar rikici ya ɓarke a Jos, aka yi asarar rayuka da dukiya mai yawa. A watan Fabrairu na 2002 kuma wuta ta kama Babbar Kasuwa da dare, ta cinye ta. Mutanen da suka kwanta suna da jarin shekara goma sha suka wayi gari ba su da ko allura. Daga baya aka sake yin tashin hankali a Nuwamba 2008 da Janairu 2010, sa'an nan ran 20 ga Mayu 2014 bama-bamai biyu suka tashi a nan Taminus ɗin, suka kashe mutane fiye da ɗari. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ƙara raba unguwanni. Wanda da yake zuwa ko'ina ya sayi abin da yake so, ya koma yana auna inda zai sa ƙafa da lokacin da zai dawo. A lokacin babu wanda ya ɗauki 'yar wayar nan mai tsada a bakin wani abu da ya shafi kasuwa. Ashe ita ce za ta gaji wani kaso na cinikin da wuta da tsoro suka tarwatsa.

Baƙon da ya zaga Taminus zai ga ciniki bai mutu ba, watsewa ya yi. Ya bazu a titin Ahmadu Bello da titin Murtala Muhammed da lungunan da ke tsakani, a kan tebura da baro da ƙarƙashin lema. Mai kasa kaya a gefen titi kuwa kullum zuciyarsa a rataye take, don hukuma tana iya tashinsa ko yaushe, ruwan Jos kuma ba ya sallama in ya tashi zuwa. A nan ne za a sami kashin farko na masu ciniki ta waya: samarin da aka haifa dab da gobarar ko bayanta, waɗanda suka tashi suna jin iyayensu suna cewa a da muna da rumfa a layi kaza. Irin wannan saurayi ya san kaya, ya san inda ake saro su a Kantin Kwari a Kano ko a Anaca ko a Legas, ya gaji iya magana da mai saye. Abin da ba shi da shi kawai shi ne kuɗin hayar shago na shekara guda. Da ya gane cewa zai iya ɗaukar hoton shadda ko takalmi a shagon wani ya ɗora a WhatsApp, in an saya ya biya mai shago ya riƙe abin da ya hau, sai ya ga ƙofa ta buɗe. Ba ya bukatar wani ya zo ya yi masa huɗubar himma. Yana ganin mahaifinsa da ya tsufa a kan benci a bakin titi, wannan ya ishe shi.

Kashi na biyu ba a ganinsu a titi sam. Sai an shiga Gangare ko Unguwar Rogo ko Rikkos, cikin gidaje. Matar aure Bahaushiya ba yau ta fara sana'a daga ɗaki ba. Uwarta ta yi ƙuli-ƙuli da ɗan wake da ɗinkin hula, kakarta ta yi kaɗi. Illa dai a da sana'ar ba ta fita sai a kan yarinya mai talla, tire a kai, daga safe har la'asar, wani lokaci a bakin karatunta. Waya ta ɗauke wannan tire. Mace tana zaune a tsakar gida za ta ɗauki hoton turaren wuta ko humra ko yajin daddawa ko zannuwan gado, ta ɗora, ƙawar ƙanwarta da ke aure a Kaduna ta gani ta aiko kuɗi. In an tambayi dalilin irin wannan mace, ba dogo ba ne: kuɗin makarantar yara, zubin adashi, gudunmawar biki ba tare da ta miƙa hannu ga maigida ba, da kayan ɗakin 'ya da ake tarawa tun tana ƙarama. Kuma abin lura, 'yar da a da za a ɗora wa talla ita ce yanzu take koya wa uwar yadda ake gyara hoto, bayan ta dawo daga makaranta. In babu wani alheri da wannan ciniki ya kawo sai wannan, ya isa a ambace shi.

Sai ɗaliban Jami'ar Jos, wadda aka kafa a 1975. Kullen annobar korona na 2020 ya zaunar da su a gida, yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 kuma ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Zaman kashe wando ya kori da yawa cikinsu zuwa sana'a. Da aka koma karatu wasu suka watsar, wasu kuwa suka tarar sana'ar ce ke biya masu kuɗin rajista.

Sa'ar da Jos ta yi ita ce tana da abin sayarwa wanda ba kowane gari ke da shi ba. Wanda ya yi sammako ya nufi kasuwar Farin Gada, ta wajen hanyar Zariya, zai ga wannan da idonsa. Kafin rana ta keto, motoci sun sauke tumatir da tattasai da kabeji da latas da koren wake da kokwamba, ƙasa ta jiƙe, dillalai sun rufe kai da hular sanyi suna ɗaga murya. Yawancin kayan nan na noman rani ne, kuma wani sashe na ruwan da ake ba su daga kududdufan da masu haƙar kuza suka bari yake fitowa. Ramin da aka tona don Ingila ya koma ciyar da Abuja. Dankalin Turawa kuwa daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi yake zuwa, kuma mafi yawan wanda ake ci a Nijeriya daga wannan tudu ne. Can wajen Vom, a ƙauyen Chaha, ana noman sitroberi, ɗan jan 'ya'yan itacen nan mai son sanyi. Ga kuma acca, wadda a da ake yi wa kallon abincin ƙauye, yanzu masu hali a birane suke nemanta ruwa a jallo.

A tsakanin dillalan Farin Gada za a ga wasu da ba su da rumfa ba su da sikeli, sai waya a hannu. Tun daren jiya sun tattara odar mutanensu: wannan kwandon tumatir, waccan rabin buhun dankali da karas. Su saya, su tsince, su shirya a kwali, mai keke ya kai tasha. Aikin yana da wuya fiye da yadda ake zato. Sitroberi ba ya jure zafi ko matsi; in mota ta lalace a hanya ta kwana, abin da zai isa Abuja sai a zubar. Latas yana yaushi. Tumatir ɗin da aka ɗora wa buhu a kai ya zama miya tun kafin a kai Akwanga. Saboda haka dole mai wannan sana'a ya san wane manomi ne ke tsinka da asuba, wane direba ne ba ya tsaye-tsaye, wane wata ne kaya ke araha, wane ne damina ke ruɓar da dankali. Ilmi ne da ba a samunsa a kan allon waya, sai an sha raɓa.

Kasuwar Katako kuma nata kayan daban ne: hatsi, katako, da gwanjo. Sanyin gari ya sa Jos ta shahara da rigunan sanyi da barguna da takalma. Ranar da aka kwance dila, sai a ga 'yan mata da samari sun yi dafifi suna zaɓen na gaba-gaba. Su kai gida su wanke su goge, su rataye a jikin farin bango su ɗauki hoto, ko su kunna bidiyo kai tsaye a TikTok ko Instagram suna ɗaga riga ɗaya bayan ɗaya suna faɗin kuɗinta. Rigar da wani ya gaji da ita a Turai ta keto teku, ta hau tudun Jos, ta sake gangarawa zuwa Gombe ko Sakkwato.

Manyan kamfanonin ciniki ta intanet irin su Jumia da Konga, waɗanda aka kafa a Legas a 2012, ba su ne ke ɗauke da wannan harka ba. Akwai kuma cibiyar nHub da aka buɗe a Jos a 2015 don koya wa matasa aikin kwamfuta, amma mai sayar da humra a Gangare ba ta taɓa taka ƙofarta ba. Kayan aikinta uku ne: waya, asusun banki, da tashar mota. Ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a farkon 2023, sa'ad da Babban Banki ya sake fasalin naira, ya tilasta wa har tsohuwa mai sayar da alayyaho karɓar kuɗi ta waya, sai hanya ta ƙara sharewa.

A tashar Bauchi Road ne ake ganin igiyar da ta ɗaure dukan al'amarin, watau amana. Mai saye ya tura kuɗi tun bai ga kaya ba. Mai sayarwa ta miƙa kwali ga direban da ba ta san gidansa ba, sai dai ta san 'yan kamashon tashar sun san shi. Sa'an nan ta kira: “Hajiya, kaya sun tashi, ga lambar direba na turo miki, da ya shigo gari zai kira ki.” Daga nan hankalinta ba zai kwanta ba sai ta ji an ce sun iso lafiya. Inda amana take kuwa nan macuta suke fakewa. Akwai mai turo saƙon banki na ƙarya ya karɓi kaya ya ɓace. Akwai mai ɗora hoton leshi mai tsada ya aika da na banza. Akwai mai karɓar kuɗin mutane goma ya kashe waya. Kowane ɗaya cikin waɗannan yana ɓata wa mutum ɗari masu gaskiya, shi ya sa sabon shiga yakan yi watanni kafin baƙo ya yarda ya tura masa ko sisi. Cinikinsa na fari a wurin dangi ne da abokan makaranta, su kuwa sun fi kowa son bashi.

Nan ne ake tankaɗe da rairaya. Masu shiga suna da yawa, masu daɗewa kaɗan ne. Akwai wanda ya shiga don ya ga wata tana nuna kwalaye tsibi-tsibi a wayarta, ya ɗauka kuɗi ne ake shara. Bai san kaya ba, bai san mai saye ba, yau yana tallan agogo, gobe man gashi, jibi fili a Abuja. Ya sayi data ya ɗora hoto, mutum ɗari su kalla, biyu su tambayi farashi, babu wanda ya dawo. Mako uku sai gwiwa ta yi sanyi. Irin wannan zuciya mai son girbi babu shuka ita ce ta kai dubban mutane hannun MMM, wadda ta rufe da kuɗinsu a Disamba 2016, kuma ba ta daina kai mutane ga ire-irenta ba. Hatta mai haƙuri ma yana shan wuya: tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya tashi, har wani lokaci ladan kai kwandon kayan lambu ya kusa kama kuɗin abin da ke ciki. Wutar lantarki ta ɗauke waya ta mutu, mai saye ya kira bai samu ba ya koma wurin wani.

Wanda ya tsallake waɗannan, in aka duba, sau da yawa za a tarar dalilinsa ya girmi sana'ar. Yana da wani abu a bayansa da ba zai bar shi ya zauna ba, kuma yana da kaya guda da ya sani ciki da bai. Ɗan manomin dankali daga Bokkos da ya yi karatu ya dawo, ya tashi yana ganin yadda dillali ke sayen buhu a bakin gona da rahusa lokacin kaka, domin manomi ba shi da wurin ajiya kuma bashin taki na jiransa. In ya sami masu gidajen abinci uku ko huɗu a Abuja da za su riƙa saye kai tsaye, abin da ya ƙaru a aljihun gidansu zai zauna. Ranar da ciniki bai yi ba, ba zai ce sana'ar ba ta karɓe shi ba, domin buhunan suna nan jibge a zaure, dole a san yadda aka yi da su. Haka bazawarar da ke riƙe da marayu, haka ɗan mai rumfar da ta ƙone. Masu shirya tarurrukan koyar da kasuwanci sukan ce mutum ya nemo abin da zuciyarsa ke so ya mai da shi sana'a. Maganar ba ƙarya ba ce, sai dai ta mai ƙoshi ce. A Farin Gada da Katako bukata ce ke zuwa da fari, son sana'ar daga baya yake tsirowa, ranar da wata da ba a taɓa gani ba ta kira daga Kano ta ce ƙawarta ce ta ba ta lamba.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba. Waya ba ta nuna unguwa. Matar da ke Tudun Wada ko Rayfield, wadda ta yi shekaru ba ta shiga Unguwar Rogo ba, tana iya sayen turaren wuta daga can, mai keke ya kawo mata har ƙofa. Mai kilishi a titin Masallacin Juma'a yana aika wa wanda ba zai zo da ƙafarsa ba. Kada a zuzuta abin: saye da sayarwa ta waya ba sulhu ba ne, kuma bai kai zaman rumfa ɗaya da ake yi a tsohuwar kasuwa ba, inda maƙwabci ke tsare wa maƙwabci kaya in ya tafi masallaci ko coci. Amma mutanen da suka saba tura wa juna kuɗi suna cika alkawari, sun riƙe wani zare da bai tsinke ba.

Ita kuwa Babbar Kasuwa, gwamnatoci sun zo sun wuce kowace da alkawarinta. A 2022, zamanin Gwamna Simon Lalong, an yi shirin sake gina ta da haɗin gwiwar Bankin Jaiz, sai gardama ta tashi a kan sharuɗɗan, aikin ya tsaya. Yaran da aka goya a baya ranar gobarar yanzu sun haura shekara ashirin, wasunsu su ne ke tsaye a tasha da kwali a hannu. Kuma da yawansu, da zarar jari ya ɗan taru, abin da suke fara nema shi ne ɗan shago a Taminus ko Katako, ko da rabin rumfa ne a yi tarayya da wani. Dalili kuwa, duk sabon mai saye da ya ga hoto ya yaba, kafin ya tura kuɗi tambayar da yake fara yi ita ce: “To, a ina shagonku yake?”